Idan maɓallin sakin magazin ya yi tauri

Salamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan tsaro da ke nan Legas. Masu kukan maɓallin magazin, wato gidan harsasai, na fistol ya ƙi dannuwa, ku fara duba datti. Iskar Legas akwai danshi da gishiri, balle wanda ke aiki wajen Apapa. Gumi da ƙura su taru a ramin maɓallin, sai tsatsa ta kama sifirin.

Cire magazin, tabbatar babu harsashi a cikin bindigar, goge wurin da tsohon buroshin haƙori, ɗiga mai kaɗan. Kaɗan fa, mai da yawa ƙura yake kira. In bai saki ba, kai wa mai kula da makamai. Kada ka yanke sifirin, magazin zai riƙa faɗowa da kansa.

Batun sa wa fistol mariƙin katako kuwa, yana shiga fistol irin su Beretta 92 da Browning Hi-Power, amma Glock jikinta guda ne, babu abin kwancewa. Zaɓi busasshen katako mai zane mai kaushi, wanda aka shafe har cikinsa, don ɗanye kumbura yake da damina. Mai kauri yana tare babban yatsa ya kasa kaiwa ga maɓallin, dogon sukuru kuma yana riƙe magazin. Bindigar hukuma dai, sai da izinin oga.