Yadda ake jan tirela da a-kori-kura mai lantarki ba tare da batir ya yanke a hanya ba

Da farko ka cire ido daga lambar nisan da allon mota ke nuna maka. Ford F-150 Lightning mai babban batir, na kilowat-awa 131 (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka), an ƙiyasta tana cin mil 320 da caji ɗaya, wato kusan kilomita 515. Wannan lissafin motar ce ita kaɗai, babu komai a bayanta. Da zarar ka maƙala mata doguwar tirela, raba lambar biyu, wani lokacin ma rabin ba ya samuwa. Yawancin waɗanda na ga sun maƙale a hanya wannan lissafin ne ya kayar da su, ƙarfin ja kuwa bai taɓa ba su matsala ba. Injin lantarki yana ba da ƙarfinsa gaba ɗaya tun daga tashi, har ka manta kana jan wani abu.

Sai nauyi. Lightning tana jan har kilo 4,500 idan tana da babban batir da kayan ja na musamman, Rivian R1T da Tesla Cybertruck kuma kusan 5,000. Kowa ya san wannan lambar. Wadda ake mantawa tana maƙale a jikin ƙofar direba: yawan nauyin da motar za ta ɗauka a kanta. Batir ya riga ya cinye wani kaso nasa, sannan bakin tirela yana danna ƙugiya da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta. Tirela mai kilo 4,000 ta ɗora maka 400 ko fiye ke nan, tun ba a lissafa fasinja da kaya ba.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya. Nauyi yana cin batir a hawa da lokacin tashi, amma a miƙaƙƙiyar hanya iska ce ke cin sa. Tirela mai faɗin gaba kamar bango, ko babu komai a cikinta, takan fi shan wuta a kan shimfiɗaɗɗiya mai ɗauke da ƙarafa. Turjiyar iska kuma ba ta tafiya daidai da gudu, gaba take yi: daga kilomita 90 a awa zuwa 110, tana ƙaruwa da kusan rabi. Ni dai dokata 90, ba na wuce ta. Mai gudun 110 zai wuce ka, amma za ka same shi a wurin caji yana jira. Kafin doguwar tafiya, ɗaura tirelar da kayanta, ka hau babbar hanya ka yi tafiyar rabin awa a gudun da za ka riƙe, ka duba kilomita nawa take ci a kowace kilowat-awa. Ninka wannan da girman batirinka, ka cire kashi 30 cikin ɗari. Abin da ya rage shi ne tazarar da za ka sa tsakanin caji da caji. Sanyi da iskar da ke busowa daga gaba duk za su rage ta.

Dalilin cire kashi 30: caji mai sauri yana rage gudu sosai bayan batir ya kai kashi 80, don haka ba ka jiran ya cika, kuma ba ka so ka iso da ƙasa da 10, domin injin cajin yana iya zama a lalace.

Wurin cajin kansa wata fitina ce. Mafi yawansu an gina su ne kamar wurin ajiye ƙaramar mota, kebul ɗin gajere. Na ga mutum ya tare hanyar shiga gaba ɗaya da tirelarsa, a ƙarshe sai da ya koma gefe ya sauke ƙafar tirela, ya cire sarƙoƙi da wayar fitila, ya saka duwatsu a taya, ya je ya yi caji, ya dawo ya sake ɗaurawa. Nemi wuraren da ake shiga ta gaba a fita ta gaba, ka kuma san inda bakin cajin motarka yake. Na Lightning da R1T yana wajen gaba, na Cybertruck yana baya, kuma na baya ya fi wahala idan da tirela.

A gangara batir yana karɓar wuta daga birkin injin, sai dai idan a cike yake ba ya karɓa sosai, saboda haka kada ka cika shi a kan tudu. Birkin tirelar ma ka saita shi, ka duba iskar tayoyinta.

Idan jan nesa ne sana'arka, mai haɗa fetur da batir ta fi. F-150 PowerBoost da Toyota Tundra i-Force Max suna ja ba tare da neman wurin caji ba, amma batirinsu ƙarami ne, na PowerBoost kilowat-awa 1.5 kacal, don haka da kaya a baya mai za su sha kusan kamar kowace mota mai fetur. Masu haɗa fetur da batirin da ake caji a soket sai ka duba takarda da kyau: BYD Shark 6 ta farko kilo 2,500 take ja, Ford Ranger irin wannan kuma 3,500.