Kurakuran da ke kashe ƙwaƙwalwar mota lokacin sauya mata manhaja

A garejojin da ke bakin titi daga Wudil zuwa Gaya, har can Ringim da Gumel, masu gyaran wutar mota da dama sun mallaki kwamfuta da kebul, suna sauya wa ƙwaƙwalwar inji, wato na'urar lantarkin da ke sarrafa aikin injin, manhaja. Sau da yawa motar da ta shigo da ƙafarta sai an janye ta da igiya, kuma mafi yawan lokuta laifin na wuta ne.

Idan aiki ya fara, kwamfutar tana goge tsohuwar manhaja kafin ta rubuta sabuwa, saboda haka akwai 'yan mintunan da ƙwaƙwalwar take fanko. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6, amma makulli yana buɗe, inji a kashe, kuma a wasu motocin fankar lagireto takan tashi da kanta tana zuƙar wuta. Da ƙarfin ya faɗi, rubutun ya yanke, mota ta daina amsawa. Maganin shi ne a haɗa na'urar da ke riƙe wuta daram a wajen bolt 13 da ɗoriya, a kashe fitilu da rediyo da esi, a kankare farin garin da ke kan batir. Cajar batir ta gama-gari, musamman a kan ƙaramin janareton da wutarsa ke hawa da sauka, ba ta dace da wannan aiki ba ko kaɗan.

Ita ma kwamfutar sai an cika ta da caji, an hana ta yin barci. Soket ɗin OBD mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona kebul ɗin kwamfutar, yakan saki a tsofaffin motoci saboda ƙura da jijjiga, kuma gwiwar yaron gareji kaɗai ta isa ta zare kebul.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ɗora fayil ba a duba lamba ba. Corolla da aka shigo da ita daga Amurka da wadda ta fito daga Turai suna iya kama da juna, amma manhajarsu daban ce. A karanta lambar da ke jikin ƙwaƙwalwar, a adana ainihin fayil ɗin motar kafin a taɓa komai.

Idan rubutu ya yanke, kada a kashe makulli ko a cire batir. A gyara wutar a sake gwadawa nan take. In ta ƙi, a kai ƙwaƙwalwar wa mai iya cire ta daga motar ya rubuta ta a kan tebur kafin a tafi kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano neman wata, domin wadda za a sayo ma galibi sai an daidaita ta da makullin motar.