Kurakuran da ake yi wajen ƙara wa injin adaidaita sahu ƙarfi, da yadda ake gyara su

Da wuya mako ya wuce wani direban adaidaita sahu bai tsaya bakin garejina ya ce a ƙara wa mashin ɗinsa ƙarfi ba. Kukan iri ɗaya ne: idan ya ɗebo mutum huɗu ya doshi gadar Ƙofar Nassarawa sai ya dawo giya ta biyu, injin na gurnani, na bayansa na ta danna masa hon. Yawancinsu sun riga sun yanke shawarar abin da za a yi tun kafin su iso. Wani ya ji a tasha cewa borin, wato faɗaɗa ramin silinda, ne magani, wani an ce masa ya sa babbar kafireta, wani kuma salansa yake so a fasa. Abin da na gani a shekarun da na yi ina kwance injin nan ina ɗaurawa shi ne, ƙarfin da akasarinsu ke nema ba sabo ba ne, nasu ne da ya zube a hanya. Shi ya kamata a fara kwasowa kafin a yi maganar ƙari.

Sai an san girman abin da ake magana a kai. Injin Bajaj RE da na TVS King, waɗanda suka cika titunan Kano musamman tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, duk silinda ɗaya gare su, girmansu kusan cc 199, ƙarfinsu kuwa wajen doki 10. An ƙera su ne don direba da fasinja uku. Wanda ya ɗora mutum biyar da buhun shinkafa biyu ya ce inji ba ya ja, to injin bai yi laifi ba, tuwon girma miyarsa nama ce, kuma wannan ƙaramin inji ne.

Kuskure na farko, kuma mafi cin kuɗi, shi ne a fara gyaran ƙarin ƙarfi a kan injin da ba shi da lafiya. Kwanakin baya wani yaro matashi ya kawo min mashin, ya ce, "Oga, borin nake so, na riga na tara kuɗin fistin." Na ce masa, "Ɗan nan, bari mu ɗaga bayan tukuna." Da muka ɗaga, na juya tayar hagu da hannu, ko zagaye ɗaya ba ta yi ba ta tsaya cik. Birki ne ke riƙe ta. Na taɓa durom ɗin, zafi kamar an sauke shi daga kan murhu. Matatar iska kuwa da na zaro ta na buga a ƙasa, ƙurar da ta tashi ta isa ta cika gwangwanin madara. Muka saki birkin, muka wanke matata, muka saita bawul, muka ƙara iska a tayoyi. Ya zaga ya dawo yana dariya, ya ce kamar an canza masa mashin, kuɗin fistin ɗinsa kuma yana aljihunsa.

Don haka kafin a taɓa cikin inji, a duba waɗannan ƙananan abubuwan. Bawul ana saita shi ne inji na sanyi, da ma'aunin nan mai siraran ƙarafa, a kan adadin da littafin mashin ya faɗa. Saitin ido da kunne shi ke kashe inji a hankali: idan ya matse da yawa bawul ba ya rufewa sosai, matsin iska ya tsere, bakin bawul ya ƙone, idan ya saki da yawa kuma sai ƙara da raguwar ja. A duba kuloci. Idan ka ba da wuta injin ya ɗaga murya amma gudu bai ƙaru ba, faifan kuloci ne ke zamewa, kuma ko injin tirela ka ɗora, ƙarfin ba zai isa taya ba. Sau da yawa baƙin man da ake zubawa ne sanadi, domin kulocin waɗannan mashinan a cikin mai yake iyo, man ƙananan motoci na zamani kuma yana da sinadarin ƙara santsi da ke sa faifan ya riƙa sulɓewa. A nemi man babur wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa, mai kaurin da kamfani ya ce.

Sai maganar borin, wadda a kanta aka fi yaudarar kai. Mutane na ɗauka idan aka faɗaɗa silinda aka sa fistin mai girma, inji ya zama wani abu daban. Mu yi lissafi. Faɗin silindar Bajaj RE milimita 63.5 ne. Idan aka yi borin aka sa fistin mai ƙarin 0.50, ya koma milimita 64, girman injin ya tashi daga kusan cc 199 zuwa cc 202. Ƙarin cc 3 ke nan, abin da ko kai direba ba za ka ji a totur ba. Abin da mutum ke ji bayan borin mai kyau shi ne dawowar matsin da tsohon ringi ya zubar. Borin magani ne na silindar da ta cinye, kuma a wannan matsayin yana da amfani ƙwarai. Amma a kai lafiyayyar silinda a kankare ta don neman ƙarfi, an rage mata kwana ne a banza, domin sau nawa za a iya yi mata borin ƙididdigagge ne.

Idan borin ya zama dole, a sayi fistin tukuna, a kai shi tare da silindar, mai borin ya auna shi ya yanka daidai da shi. Wasu sai an gama borin sannan su shiga kasuwar Ƙofar Ruwa neman fistin, su dawo da wanda ko dai ya matse ko yana rawa. Wanda ya matse zai kama da zarar inji ya yi zafi, wanda ke rawa kuma hayaƙi da shan baƙin mai. A duba tazarar bakin ringi a cikin silinda kafin a ɗaura, kuma kada bakunan ringin su jeru a layi ɗaya. Bayan an ɗaura sai haƙuri, nan ne da yawa ke faɗuwa saboda balas, kuɗin da ake kai wa mai mashin, na jira da yamma. Na san nauyin nan, ba na raina shi. Amma sabon ringi na buƙatar tafiyar 'yan kwanaki cikin lallaɓawa, ba lodi mai nauyi, ba matse totur har ƙarshe, sannan a yi juyen baƙin mai da wuri domin fitar da garin ƙarfen da ya wanku. Wanda ya fito daga gareji ya ɗauki shata zuwa Wudil da cikakken lodi, aikin da ya biya kuɗi a yi masa ya rushe da hannunsa.

Babbar kafireta ita ma tana da masoya. Hujjarsu ita ce ƙarin mai ƙarin ƙarfi. Inji ba mai kaɗai yake ci ba, cakuɗa yake so, kusan kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur idan aka auna da nauyi. Kafireta kuma saurin iskar da ke ratsa maƙogwaronta ne ke tsotso mai. Idan maƙogwaron ya yi wa injin faɗi, iska na tafiya a hankali a ƙaramin gudu, tsotson ya yi rauni, sai ka ba da wuta mashin ya shaƙe kafin ya ɗauka. Direban adaidaita kuwa yininsa duk tashi da tsayawa ne, daga Bata zuwa Kurna zai iya tsayawa sau ashirin, ƙarfin tashi yake buƙata. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kafiretar da ke zuƙar fetur ba tare da ƙarin ja ba asara ce da ake ji kullum. Gyaran shi ne a mayar da ta asali, a wanke ta da kyau, a canza jet da allurar da suka cinye, a duba robar da ta haɗa ta da inji ko ta tsage tana shan iska.

Akwai kishiyar wannan, masu matse mai har ƙarshe don tattali sannan su dawo suna neman ƙarfi. Fulogi ne alƙali a nan. Bayan tafiya mai ɗan nisa a kwance shi a duba bakinsa. Idan ya yi launin shayi da madara, cakuɗa ta yi daidai. Idan ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya yi yawa. Idan ya yi fari fat kamar alli, mai ya yi kaɗan, injin na ƙuna daga ciki, kuma wannan ne ke huda kan fistin. Na sha zaro fistin da rami a tsakiyarsa wanda ɗan yatsa zai shiga, mai shi yana ta mamakin abin da ya faru.

Cire matatar iska don inji ya "numfasa" kuwa, a ƙasar da hunturu ke zuwa da ƙura wata uku, ba ni da abin cewa illa a daina. Ƙurar nan na haɗuwa da mai ta zama kamar sanfefa, ta cinye ringi da silinda. Mai soso a wanke a shanya a ɗan shafa mata mai, mai takarda a canza ta.

Fasa salansa ma haka. Ƙara ce ke ƙaruwa, kunne ya ɗauka ƙarfi ne. A ƙaramin gudu ma ja raguwa yake yi, mai ya yi kaɗan a cakuɗa, bawul ɗin hayaƙi ya sha zafi, fasinja mata da tsofaffi kuma su riƙa barin ka kana wucewa. Idan salansar ta toshe da kunkunniya a wanke ta ko a sa wata irinta.

Abin da nake so kowane direba ya riƙe shi ne zafi. Injin adaidaita a baya yake, a rufe ƙarƙashin kujera, iskar hanya ba ta dukansa kamar na babur. Fanka ce ke hura masa iska, murfin da ya lulluɓe silinda kuma shi ke bi da iskar ta cikin haƙarƙarin ƙarfen. Duk wani ƙarin ƙarfi ƙarin wuta ne a cikin silinda, fankar kuwa ba ta ƙaru ba. Wasu na cire murfin nan wai don inji ya sha iska, alhali cire shi ne ke sa iskar fanka ta watse ba ta bi ta inda ake buƙata ba. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, irin wannan injin ne ke kamawa a tsakiyar cunkoso. A mayar da murfi, a canza fankar da ta rasa fiffike, a kankare laka da maiƙon da suka toshe haƙarƙarin silinda.

Da zafin nan ne kankare kan silinda ke haɗuwa ya yi ɓarna. Gaskiya ne idan aka rage kan aka ƙara matsi, ja na ɗan ƙaruwa. Sai dai matsi mai yawa na son fetur mai kyau, mu kuma wani lokaci a galan muke saye a bakin titi. Idan ka hau gada ka ji injin na ƙara siririya kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, man ne ke fashewa ba bisa ƙa'ida ba, yana dukan fistin da konrod, sandar da ke riƙe da shi. Haka yake faruwa idan aka gusar da taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, gaba ko aka sa akwatin wuta na tsere da ake tallatawa. Wanda aka riga aka kankare masa, gasket mai ɗan kauri kan rage matsalar, idan kuma an wuce gona da iri sai dai sabon kai.

Wasu kuma taya suke ƙara wa girma. Babbar taya na ƙara gudu a miƙaƙƙen titi idan babu lodi, amma tana rage ƙarfin tashi da hawa, wato ainihin abin da aka zo nema. A tsaya a kan 4.00-8 ɗin da mashin ya zo da ita. Waɗanda suka koma iskar gas ta CNG su sani cewa ja kan ɗan ragu idan aka kwatanta da fetur, ga nauyin tukunya, kuma gas na sa bawul saurin matsewa, don haka a riƙa duba saitinsa a kai a kai maimakon a buɗe gas fiye da kima.

Inda ƙarin ƙarfi na gaske yake yiwuwa shi ne kekunan ɗaukar kaya, irin masu jigilar ruwan leda da siminti. A nan ana iya sauke injin cc 150 a ɗora na cc 200 ko 250, kuma bambancin a bayyane yake. Kuskuren da ake yi shi ne a sayi inji tsirara a haɗa shi da tsofaffin kaya. Babban inji na zuwa ne da kafiretarsa da akwatin wutarsa, kuma akwatin wuta iri biyu ne, wani daga batir yake ci, wani daga kwayil, idan aka haɗa ba daidai ba ko dai ya ƙi tashi ko ya ƙone. Mazaunin inji a yi shi da ƙarfe mai kauri, a tabbata ya daidaita da shaf ɗin da ke kai ƙarfi baya, domin karkacewa kaɗan na cinye kuros, wato gaɓar shaf ɗin, cikin makonni. Ga mai ɗaukar nauyi a hankali cikin rana, injin mai lagireto ya fi mai sanyaya da iska. Kafin ma a kai ga sayen inji, a duba ko keken na da ƙaramar giyar lodi a gindin aksul, domin sau da yawa ita ce ke fitar da kaya daga yashi da gangare, kuma ta fi sabon inji araha. A ajiye rasiɗin sabon injin, a gyara lambarsa a takardun mashin, don kada a tsayar da kai a hanya lamba ta saɓa da takarda.

Duk wanda na ɗora wa babban inji, ba na barinsa ya fita sai mun kwance tayoyi mun duba birki. Abin hawa mai ƙafa uku ba ya yafe kwana cikin gudu, tayar ciki ɗagawa take yi, kuma birkin durom da aka yi wa lissafin ƙaramin inji zafi yake ɗauka ya saki idan lodi da gudu suka ƙaru. Mukan sa sabon takalmin birki, mu canza man birki idan ya yi baƙi, mu fitar da iska daga bututu, mu duba sifirin da beyarin gaba. Daga nan sai a ɗora lodin da ya saba ɗauka, in zauna gefensa, mu je titin da babu cunkoso ya taka birki sau uku a jere ina kallon yadda kan keken ke tsayawa.