Yadda ake ɗaura na'urar auna gudun ruwa da sauti a jikin bututu

Amfanin wannan na'ura shi ne ana ɗaura ta a bayan bututu ba tare da an yanka shi ko an tsayar da aiki ba. Kawuna biyu gare ta, suna aika wa juna sautin da kunne ba ya ji, wanda yake tafiya kusan mita 1.500 a daƙiƙa cikin ruwa. Sautin da ya bi ruwa yana riga wanda ya tari ruwa isa, kuma daga wannan ɗan bambanci ne take lissafa gudun.

A fara duba ruwan. Irin wannan na'ura ruwa mai tsabta take so, kamar wanda aka riga aka tace a tashar tace ruwa ta Gudel a Yamai. Idan ɗanyen ruwan kogin Isa ne a damina, lokacin da ya yi jajir da laka, sauti yana iya ɓacewa, sai a nemi mai tsarin Doppler, wadda da laka da kumfa take aiki.

A zaɓi wurin da bututu ya miƙe kuma yake cike taf, a bar tazarar da ta kai faɗinsa sau 10 daga gwiwar da ruwa ya fito, sau 5 kafin ta gaba. Kusa da injin turo ruwa, sau 30 ya fi. A ɗaura kawunan a gefe, domin iska a sama take taruwa, laka kuma a ƙasa take kwanciya.

Inda na fi so ma'aikaci ya natsu shi ne awon bututun. Kada a dogara da tsohuwar takarda. A zagaya shi da ma'auni, a raba da 3,14 a samu faɗinsa na waje, a auna kaurin ƙarfen, a bincika ko an shafe cikinsa da siminti, domin kuskuren kashi 1 cikin 100 a faɗin ciki yana zama kusan kashi 2 a sakamako, kuma na'urar ba za ta nuna alamar komai ba.

Sannan a kankare tsatsa da fenti, a shafa man da ke haɗa kai da ƙarfe, a jera kawunan daidai tazarar da allon na'urar ya bayar. Zafin Afrilu a Yamai yana busar da man mai ruwa-ruwa, saboda haka a sa na silikon idan na'urar za ta daɗe a wurin, a yi mata inuwa. In da hali, a rufe ruwa bututu yana cike, a daidaita ta a kan sifili kafin a fara karatu.