Matakan Shirya Tattakin Arba'in Daga Najaf Zuwa Karbala a Iraƙi

1. Ka daidaita lokacinka. Arba'in, wato cikar kwana arba'in da shahadar Imam Husaini a Karbala, ran 20 ga Safar yake kamawa, tafiyar kuwa kusan kilomita 80 ce, kwana uku ga mai matsakaicin ƙarfi.

2. Ka fara atisaye tun daga gida da takalmin da za ka sa. Sabon takalmi bororo yake jawowa.

3. Ƙaramar jaka ta wadatar: fasfo, magani, caja, tufafi kala biyu.

4. Masauki kyauta ne. Rumfunan masu hidima na jere bakin hanya, akwai abinci da shimfiɗa, maza daban mata daban. Amma ka kama wuri kafin magariba, don dare na yi sun cika maƙil.

5. Turakun hanya duk suna da lamba. Ku tsai da wadda za ku haɗu in cunkoso ya raba ku.