Darasi na Tara: Raba Rumbun Laftof Ba Tare da Rushe Ɗakin Ceto Ba

Rumbun ajiyar da ke cikin laftof yakan zo da babban ɗaki guda mai suna C. A nan Windows take zaune, a nan kuma hotunan biki, takardun makarantar yara da lissafin shago suke taruwa. Ranar da Windows ta birkice, mai gyara ya ce sai an yi fomatin, shi ke nan gobara ta ci ɗaki da kayan ciki. Shi ya sa mutane ke son a yanka musu ɗaki na biyu, wato D, su riƙa zuba kayansu a can. Masu gyara suna kiran wannan aiki fatishan. Yankan ba shi da wuya. Inda ake ɓarna shi ne wajen wasu ƙananan ɗakuna da ba a saba ganinsu ba.

Ɗakunan da ba naku ba

Ku danna maɓallin Windows tare da harafin R, ku rubuta diskmgmt.msc, ku buga Enter. Shafin Disk Management zai buɗe, ku ga rumbun a miƙe kamar katako, an yanka shi gida-gida. Ban da C, a yawancin laftof akwai wani ɗan ƙarami mai suna EFI System Partition, yawanci mega 100 zuwa 260. Shi ne ke tayar da kwamfuta idan an kunna ta. Akwai kuma Recovery Partition, mai kimanin rabin giga zuwa giga ɗaya. Wannan shi ne ɗakin ceto, inda kayan gyaran Windows suke. A tsofaffin laftof akan sami wani babba, giga goma ko fiye, wanda kamfani ya ajiye kwafin Windows ɗin asali a ciki.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne, shafin yakan nuna ƙananan ɗakunan nan kamar babu komai a cikinsu. Ba fanko ba ne, Windows ce ta ɓoye abin da ke ciki. Wanda ya goge su don ya sami ƙarin wuri, ba zai san ya yi asara ba sai ranar da kwamfuta ta ƙi tashi.

Kowane kamfani da ƙofarsa ta shiga ɗakin ceto lokacin kunnawa. HP tana amfani da F11, Acer da Alt haɗe da F10, Asus da F9, yawancin Lenovo kuma suna da ɗan maɓalli a gefe mai suna Novo. Idan laftof ɗinku ta hannu ce, mai yiwuwa an riga an share babban ɗakin kamfanin kafin ta iso gare ku. Duk da haka ƙaramin na Windows yawanci yana nan, kuma yana da amfani.

Kafin a sa wuƙa

Ku kwashe muhimman kayanku zuwa wani rumbu na waje. Sannan ku sami filash mai giga 16 ko fiye, ku nemo Recovery Drive a wurin bincike na Windows, ku bi umarninta. Duk abin da ke kan filash ɗin zai goge, kada a ɗauko wanda uwargida ke ajiye karatuttuka a ciki. Idan kun ga hoton kwaɗo a jikin C, an kulle shi da BitLocker ke nan, sai ku nemo mabuɗinsa mai lambobi 48 ku rubuta a takarda. Batir ya zama a cike, caja a jone, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na iya lalata rumbu.

Saura tambaya guda da za ku yi wa kwamfutar. Ku buɗe Command Prompt ta hanyar Run as administrator, ku rubuta reagentc /info. Idan kun ga Enabled, ɗakin ceto yana aiki. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A ƙirga ɗakuna tukuna

Tsarin rumbu iri biyu ne, MBR da GPT. Don sanin naku, ku danna linzami ta dama a kan Disk 0, ku zaɓi Properties, ku shiga Volumes. Laftof ɗin da suka fito da Windows 8, wato daga 2012 zuwa yau, galibi GPT ne, wanda ke ɗaukar ɗakuna har 128. Mai irin wannan ba shi da damuwa.

MBR kuwa manyan ɗakuna huɗu kawai yake ɗauka. Da yawa daga cikin HP na zamanin Windows 7 sun fito da huɗun a cike: SYSTEM, C, RECOVERY da HP_TOOLS. Irin waɗannan laftof har yanzu suna hannun mutane birjik. Idan kuka nemi ɗaki na biyar, saƙo zai fito yana neman a mai da rumbun zuwa wani tsari na daban mai suna Dynamic. Mutum yana sauri, bai karanta ba, sai ya danna Yes. D zai fito sumul, ya yi ta murna, alhali sau da yawa F11 ta daina aiki daga ranar, kuma komawa tsarin da ba ƙaramar wahala ba ce. Amsar wannan saƙo No ce. A ganina, mai irin wannan kwamfuta gara ya haƙura da D, ya sayi rumbun waje, ko ya kai ta wurin wanda ya ƙware.

Yankan kansa

Ku danna linzami ta dama a kan C, ku zaɓi Shrink Volume. Za a tambaye ku nawa za a rage, da lissafin mega. Giga ɗaya mega 1024 ne, saboda haka mai son giga 100 zai rubuta 102400. Kada ku yi mamaki idan rumbun da aka sayar muku a matsayin giga 500 ya nuna 465, bambancin lissafi ne, ba cuta ba. Kada kuma ku matse C. Windows 11 kaɗai tana neman giga 64, ga sabuntawa, ga manhajoji. Ni nakan bar masa aƙalla giga 120.

Wani lokaci Windows takan ƙi ba ku yawan da kuke so, saboda akwai fayilolin da ba ta iya gusar da su. Ku karɓi abin da ta bayar.

Bayan an rage, wani fili mai baƙin layi zai bayyana da sunan Unallocated. Ku danna ta dama a kansa, ku zaɓi New Simple Volume, ku ba shi harafin D, ku bar shi a NTFS, ku yi ta danna Next har ƙarshe. Ƙananan ɗakunan nan ba a goge su, ba a gusar da su, ba a sa musu harafi.

Gwaji

Ku sake rubuta reagentc /info. Idan ta koma Disabled, ku rubuta reagentc /enable. Sannan ku riƙe Shift ku danna Restart. Shuɗin shafi mai ɗauke da Troubleshoot ya kamata ya fito. Ku gwada maɓallin kamfanin ma, da zarar shafin ceto ya buɗe sai ku fita, kada ku amince da komai a ciki. Ceton kamfani a wasu laftof yakan mai da rumbu yadda ya fito daga kwali, ya haɗa da D ya share. Don haka kayan da ke D ma suna buƙatar kwafi a waje.

Aikin gida

Ku buɗe Disk Management ba tare da kun canja komai ba. Ku zana rumbunku a littafi, ku rubuta sunan kowane ɗaki da girmansa, da ko MBR ne ko GPT. Sannan ku lissafa lambar da za ku rubuta idan kuna son D mai giga 50, da kuma mai giga 150. A zo da littafin aji mai zuwa, malam zai duba kafin kowa ya taɓa Shrink.