Kafin ka sa sabon bel a mota, ka fara duba fuli da birket

Jama'a da yawa da sun ji injin ya fara ƙara ƙiiii da safe sai su ce fanbel ne, a canza, bayan sati biyu ƙarar ta dawo ko sabon ma ya tsinke a hanya. Sau tari ba laifin bel ɗin bane, abin da yake zagayawa a kai ne, wato fuli, ya lalace.

Ka bari injin ya huce tukunna, ka cire makulli, ka kwance kan batir mai alamar debewa. Sannan don Allah ka ɗauki hoton yadda bel ɗin ya bi kafin ka taɓa komai, domin a motoci da yawa guda ɗaya ne yake juya altanato (mai cajin batir) da kwamfiresan AC, a wasu har da fawa sitiyari da famfon ruwa, in ka cire ka manta hanyarsa zaka wuni kana juya shi kamar igiyar guga.

Nemi tenshina, shi ne fulin da sifirin yake danna shi a jikin bel. Sa dogon sifana ko soket a kan notinsa (wasu rami ne mai kusurwa huɗu), ka murɗa a hankali sai bel ya saki, ka zare shi, ka mayar da sifanan sannu sannu kar ya fizge maka hannu, sifirin nan yana da ƙarfi ba wasa.

To a nan aikin yake. Kowane fuli da ke juyuwa da hannu ka juya shi ka saurara. In ka ji gurrr kamar akwai yashi a ciki, ko yana ta gudu fayau ba ya tsayawa, boris ɗin ya bushe ko ya ci. Ka kama shi ka girgiza gaba da baya, mai lafiya ba ya motsi. Tenshinan kansa in yana maƙalewa ko ya karkata gefe guda a canza shi gaba ɗaya, kuma a kula wasu notin fulin hagu suke ɗaurewa, in ya ƙi kwancewa kar ka hau shi da ƙarfi. Ka duba ko baƙin mai yana ɗiga a wajen, mai yana cinye roba, in baka toshe yoyon ba asarar sabon bel zaka yi.

Birket kuma mutane sun raina shi, alhali shi yake riƙe da altanato da kwamfiresa a kan layi. Ka haska tocila ka nemi tsagewa wajen ramin noti, ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fuli biyu ka ga ko sun daidaita. Bel da gefensa ɗaya ya tsattsage alamar karkata ce. Ni dai ban yarda da waldan birket na alminiyam ba, gara sabo. Wajen ɗaurawa ka fara shigar da duk notin da hannu kafin ka matse ko ɗaya, kuma kar ka wuce gona da iri, haƙoran alminiyam saurin cinyewa suke.

Sabon bel ka duba lambar jikinsa, misali 6PK1750 na nufin layi 6, tsawo milimita 1750, ka gwada shi da tsohon. Gefe mai layi-layi kan fuli mai rami, bayansa mai santsi kan fuli mai santsi. Ka bar fuli ɗaya na sama mai sauƙin kai hannu a ƙarshe, danna tenshina, zura, saki. Bi kowane fuli da yatsa ka tabbatar ba layin da ya hau baki. Tsohuwar mota mai ɗauri da hannu kuwa, ka danna tsakiyar bel da babban yatsa, ya lotsa kamar santimita 1.

Mayar da batir, ta da injin ka tsaya gefe ka kalla na minti biyu, hannu da hannun riga nesa da shi. Duk wannan bayanin na bel ɗin waje ne fa, taimin bel da ke cikin murfi aikinsa daban, a injuna da yawa in aka kuskure saiti fistin zai daki bawul, wannan ka kai wa bakanike da ya san motar.